Idan Kayan Mota Suka Jawo Maka Asara a Birtaniya

A 2015 motocin Vauxhall Zafira suka riƙa kamawa da wuta a Birtaniya saboda matsala a na'urar ɗumama cikin mota, har kamfanin ya kira motoci fiye da 200,000 domin gyara. Mota ce mai kujeru bakwai, irin wadda mai iyali daga cikinmu yakan fara nema da zarar ya samu wurin zama. Idan irin haka ta same ka, ɗan'uwa, wuta ta ci garejinka ko burki ya ƙwace ka rushe katangar maƙwabci, ka yi haƙuri da ƙaddara, amma ka bi hakkinka.

Abu na farko, kada ka bari bakanike ya jefar da kayan da suka lalace. Ka karɓe su ka adana, ka ɗauki hotuna, ka ajiye rasit, ka sanar da kamfanin inshorarka nan take. Inshorar da ke kare wasu kawai za ta biya maƙwabci, ba za ta biya motarka ba.

Dokar kare masu saye ta 1987 ta ba ka damar bin kamfanin da ya ƙera kayan, ko wanda ya shigo da su ƙasar, ba sai ka tabbatar da sakacinsa ba. Ya isa ka nuna kayan na da aibi kuma su suka jawo ɓarnar. Sai dai akwai sharuɗɗa. Dole asarar ta wuce fam 275, kuma dukiyar ta amfanin kanka ce, ba ta sana'a ba. Masu tuƙin tasi su lura da wannan sosai. Ga inda mutane suka fi ruɗewa: idan kayan sun zo tare da motar tun daga masana'anta, wannan doka ba ta biyan ɓarnar motar kanta, sai ta gareji da sauran dukiya. Amma idan daga baya ka sayi batir ko burki aka sa maka, motar ma tana iya shiga lissafi. Wa'adin shigar da ƙara shekara 3 ne, kuma ƙofa na rufewa gaba ɗaya bayan shekara 10 da fitar kayan kasuwa.

Motar kanta kuwa, dillalin da ya sayar maka za ka bi ƙarƙashin dokar hakkin masu saye ta 2015. Idan tana da aibi, cikin kwana 30 na farko kana iya mayar da ita a ba ka kuɗinka, kuma cikin wata 6 shi ne zai nuna lafiya lau ya ba ka ita. Wannan kariya ba ta aiki idan a hannun wani mutum ka saya, shi ya sa arhar da ba rasit take damuna.

Ka fara da rubuta wasiƙar neman diyya mai ɗauke da wa'adi. Ofisoshin Citizens Advice suna ba da shawara kyauta. Idan ba a daidaita ba, a Ingila da Wales ƙaramar kotu na sauraron da'awar da ba ta wuce fam 10,000 ba, kuma ba dole sai da lauya ba. A shafin gwamnati na gov.uk kana iya sa lambar motarka ka ga ko akwai kiran gyara da ba a yi mata ba tukuna.