Zaɓen Likkafa da Igiyarta

Likkafa mai kyau ita ce wadda ta dace da ƙafar mahayi da takalmin da yake hawa da shi. Shi ya sa mai saye a kasuwar Illela ranar Lahadi, ko a tsallaken iyaka a Birnin Ƙonni, ya kamata ya je da takalmin ya gwada. Ana son a sami sararin yatsa ɗaya a kowane gefe. Matsattsiya tana riƙe ƙafa idan doki ya ka da mutum, har ya ja shi a ƙasa. Wadda ta cika faɗi kuwa ƙafa kan zurma ciki. Likkafar wangami ta tagulla ta fi dacewa da hawan salla, amma nauyinta ya yi wa sukuwa yawa.

Igiyar likkafa a nemi ta kirgi mai kauri, ba fatar akuya ba. A lanƙwasa ta a gaban baduku: in ta tsattsage, ta bushe. Tsawonta, haɗe da likkafar, daga kan yatsun mahayi ne zuwa hammatarsa. Ta hagu ta fi saurin miƙewa domin ta nan ake hawa, sai a riƙa musanya su, a kuma shafa musu man kaɗanya lokacin hunturu.