Shawara ga Masu Awon Gonaki da Na'urar GPS

Ya ku masu awon gonaki a Jiratawa da Tibiri, ku sani cewa tsohuwar na'ura, irin Garmin eTrex mai ruwan ɗorawa da ta fito a 2000, ba ta da wani aibi matuƙar mutum yana tsaye a sarari, domin taurarin ɗan'adam na Amurka kaɗai sun wadace ta. Amma da zarar an shiga inuwar mangwaro a lambunan bakin Gulbi, ko lungunan Maraɗi inda rufin kwano ke karkatar da saƙo, sai a ga ta ɗimauce, lambobinta na ta tsalle, alhali sabuwa, wadda ta fi ta kaifin ji, kuma tun 2011 take haɗawa da taurarin GLONASS na Rasha, tana nan riƙe da wurinta.

Saboda haka wanda tsohuwa ce a hannunsa kada ya yi gaggawa. In ta daɗe a ajiye, a kunna ta a fili a ba ta kamar minti 15, don jadawalin taurari kansa minti 12 da rabi yake ɗauka kafin ya kammala saukowa. A riƙe ta nesa da jiki, a dakata a kowace kusurwa har lambobi su natsu. Ƙurar hunturu da wasu ke zargi kuwa, ba ruwanta. Idan rabon gado ne, inda taki biyu kan ɓata zumunci, lalle a aro sabuwa, a kuma kafa dutse gaban shaidu, tunda ita ma takan yi kuskure da mita 3 zuwa 5.