Shekarun Kakanni na Fari

Ya mai karatu, buɗe Littafin Farawa, sura 5, ka duba shekarun mutanen fari. Adamu ya yi shekara 930 a duniya, Shitu 912, Yared 962, Metusela kuwa 969, ba wanda ya kai shi. Nuhu ya yi 950, adadin da maƙwabtanmu Musulmi su ma su ke ambata game da zamansa cikin mutanensa. Bayan ruwan tufana sai shekaru suka yi ta raguwa: Ibrahim 175, Yusufu 110, har Zabura 90 ta tsaya a kan 70 ko 80.

Masana sun daɗe suna gardama a kan lissafin nan, gama tsohuwar fassarar Helenanci ta sha bamban da rubutun Ibrananci a waɗansu adadai. Bari mu bar musu gardamar. Abin da ya shafe ka shi ne yadda labarin kowane mutum ya ƙare. Sau takwas cikin sura ɗaya aka ƙidaya ɗaruruwan shekaru, sau takwas aka rufe da mutuwa. Hukuncin da Allah ya faɗa wa Adamu a gonar Adnin ya jinkirta, amma bai tashi ba.

Kai mutumin Kangire, ba ka da nisa da duwatsun Birnin Kudu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu marasa tozo, aikin mutanen da. Zanen yana nan, masu zanen fa? Ko sunan ɗaya ba a riƙe ba.

To, don me Allah ya tsawaita kwanakin kakanni? A ganina haƙurinsa ne, ba ladan kirkinsu ba. Ka lissafa da kanka bisa ga rubutun Ibrananci: Metusela yana da shekara 187 ya haifi Lamek, Lamek yana da 182 ya haifi Nuhu, Nuhu kuma yana da 600 tufana ta zo. Jimla 969 ke nan. Ashe a shekarar da mafi tsawon rai ya mutu, a cikinta ruwa ya sauko. Dukan wannan zamani ƙofar tuba tana buɗe, mutane kuwa suka ƙara mugunta.

Mutum ɗaya kaɗai cikin jerin ba a ce ya mutu ba, wato Anuhu, mahaifin Metusela. Shi ne mafi ƙarancin shekaru a cikinsu, 365, amma ya yi tafiya tare da Allah, Allah kuwa ya ɗauke shi.

Watakila kana cewa a ranka, sai na tsufa in shirya da ɗan'uwana da muka yi rigimar iyakar gona, sai bayan kaka in biya bashin nan. Ɗan'uwa, wace shekara aka yi maka alkawarinta? Yakubu ya tsaya gaban Fir'auna yana da shekara 130, da aka tambaye shi shekarunsa, ya ga kaɗan ne, cike da wahala.