Idan Mita Ta Nuna Alamar Ɗebewa

'Yan uwa mata, darasinmu na yau a kan mitar wuta ne, irin wadda ake loda wa kati. Na zaɓe shi ne saboda abin da ya kusa raba kan ƙungiyarmu bara.

Mun haɗa kuɗin asusu muka sayi firiza, muna yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Ranar wata kasuwa muka ba ma'ajinmu kuɗi ta sayo kati. Ta dawo ta loda, risit ya ce yunit 40, amma fuskar mita ta nuna 23. Nan fa aka fara ƙus-ƙus, wai ta rage kuɗin ta sayi na ƙasa da haka. Baiwar Allah har da kuka. Sai da ɗiyar wata daga cikinmu, 'yar sakandare, ta ce ai jiya ta ga an rubuta -17 a jikin mitar, da ɗan layi a gaban lambar. To 17 da 23 nawa ke nan? 40 cif. Ba wanda ya ci ko sisi.

Wannan ɗan layin da ke kwance a gaban lamba shi ne alamar ɗebewa, wadda yara ke koya a lissafi. A mita, ma'anarsa bashi. Kamar dai mai shago ne da ya ba ki omo da gishiri ya rubuta a littafi: ranar da kika kawo kuɗi, sai ya fara cire nasa kafin ya ba ki sabon kaya. Haka mita take yi. Duk katin da kika loda, bashin take fara biya, ragowar ce taki. Idan bashin ya fi katin yawa, misali tana nuna -30 kika loda 20, za ki ga -10, kuma wuta ba lallai ta kawo ba. Kada ki ce katin bai shiga ba. Ya shiga, bai dai isa ba ne.

Yunit ɗaya shi ne abin da ake rubutawa kWh. Firizar da ke jan wat 200, idan injinta ya yi awa 5 yana aiki, ta sha yunit ɗaya. Ki riƙe wannan, zai taimaka miki wajen gane ko bashin da aka nuna ya yi daidai da kayan da kike kunnawa.

To ta yaya mitar da ake biya kafin a sha za ta ci bashi? A ƙa'ida, da yunit ya kai sifili akwai wani makunni a cikinta da ke yanke wuta da kansa. Wani lokaci makunnin nan yakan maƙale, wuta ta ci gaba da zuwa, ita kuwa mita ba ta daina ƙirga ba. Abin da ya same mu ke nan. Mu muna ta murna wai kati ya yi albarka, ashe bashi muke tarawa. Wannan shi ya fi haɗari, don wata sai ta yi wata biyu tana shan wutar da take zaton ta banza ce, ranar da aka gyara sai ta tarar da abin da ribar wata guda ba za ta biya ba. Akwai kuma mitocin da aka saita su ba da ɗan lamuni idan kati ya ƙare da dare ko ranar hutu, su cire daga baya. Sabuwar mita ma takan zo da 'yan yunit a ciki waɗanda ba kyauta ba ne, ana cire kuɗinsu a sayen farko.

Akwai wata alamar ɗebewar da ba ta bashi ba ce. Fuskar mita tana jujjuya lambobi iri-iri. Idan layin ya fito ne a gaban lambar da ke da kW kawai, ko wata kibiya ta juya baya, to wuta ce ke tafiya a juye. Ko dai an haɗa wayar shiga a wurin ta fita, ko kuma solar gidan tana tura wuta zuwa layi. Wannan sayen kati ba ya maganinsa, sai ma'aikatan kamfani sun zo sun duba.

Don Allah kada ki bari wani yaron unguwa ya buɗe miki mita, ko da ya rantse ya iya. Akwai hatimi a jikinta, idan ya karye za a ce satar wuta kika yi, a ci ki tara, ga kuma haɗarin wutar kanta. Ki ɗauki hoton fuskar mitar da waya, ki rubuta lambarta da kwanan wata, ki haɗa da risit ɗin ƙarshe ki kai ofishin kamfanin wuta, sashen karɓar koke. Ki nemi a rubuta ƙorafin a ba ki shaida. A Najeriya dokar hukumar NERC ta ba kamfani kwanakin aiki 15 ya warware, in bai yi ba kina da damar kai maganar ofishin sauraron koke na hukumar.

Mu yanzu mun ƙara layi biyu a littafin ƙungiya. Kafin a loda kati, mutum biyu su duba mita su rubuta abin da ta nuna, har da ɗan layin in akwai. Bayan an loda a sake rubutawa, a liƙa risit a gefe. A taronmu na gaba kowacce mai mita ta zo da lambar da ta gani a tata, mu yi lissafin tare.