Amsoshin Tambayoyinku: Idan Dasashi Ya Janye, Ana Iya Mayar Da Shi?

Tambayar wannan mako daga wani manomi ce a Rogo, wanda ke zuwa cin kasuwa Ƙaraye. Ya ce dasashinsa ya janye, saiwar haƙori ta fito, ruwan randa ma yana sa shi jin zafi. Shin akwai magani?

Malam, sannu. Dasashin da ya janye ba ya komawa da kansa. Abin da ya fi jawo shi shi ne dirzar haƙori da ƙarfi, ko da buroshi ko da aswaki, sai dattin da ya daskare a gindin haƙori, da taba.

Likitan haƙori yakan fara da kankare dattin. Idan janyewar ta yi nisa, sai tiyata: a yi allurar kashe zafi, a yanko ɗan nama daga ganɗar mutum, wato rufin bakinsa, a dasa shi kan saiwar, a ɗinke. Wasu likitocin Amurka ne suka bayyana wannan dabara a 1985.

Wani lokaci ana shafa wa saiwar wani sinadarin furotin, Emdogain, da aka ƙirƙiro a Suwidin, don naman ya kama da kyau. Amma a sani, daga haƙoran 'ya'yan alade ake samo Emdogain. Mara lafiya na da haƙƙin tambaya, kuma dashen nama yana yiwuwa ba tare da shi ba.

Mai tambaya ya fara da babban asibitin Rogo ko na Ƙaraye, ya nemi takardar turawa zuwa sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Allah ya ba da lafiya.