Ƙarfen Da Likita Ke Sa Wa Ƙashi

Jama'ar Rimawa da kewaye, ku saurara. Mun san an saba kai mai karaya wurin mai ɗori. Amma in ƙashi ya farfashe, ko ya huda fata ya fito, ko ƙugun tsoho ya karye, to, kada a kwana. A kai shi asibiti. Akwai likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Sau da yawa in likita ya ce zai sa ƙarfe, sai dangi su gudu da majiyyaci, wai ƙarfen zai yi tsatsa cikin jiki. Wannan kuskure ne. Ba irin ƙarfen da maƙeri ke ƙera fartanya da shi ba ne. Wani ƙarfe ne marar tsatsa, wani kuwa sunansa titaniyam, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Da zarar iska ta taɓa titaniyam sai ya yi wa kansa wani ɓawo siriri, ido ba ya gani, shi ke tsare shi. Wani likita na ƙasar Suwidin, Brånemark, ya gwada shi a ƙashin zomo, ya tarar ƙashi ya kama shi kam. A 1965 ya dasa wa mutum irinsa a muƙamuƙi.

Masu ƙerawa kan gyara bayan ƙarfen tukuna. Wanda ake so ya zauna har abada, kamar na ƙugu ko na haƙori, sai a fesa masa tsakuwa mai laushi, a wanke da ruwan asid, ya yi kaushi. Wani ma a shafe shi da sinadari irin na ƙashi. Kun san yaɓe ba ya kama bango mai santsi, to, haka ƙashi yake. Wanda za a iya cirewa daga baya kuwa, sumul ake barinsa.

Abin tsoro shi ne ƙazanta. In ƙwayoyin cuta suka manne wa ƙarfe, magani yakan sha wuyar kai musu, har wani lokaci sai an cire ƙarfen. Saboda haka maigida ya sa ido. Kada a barbaɗa wa miki garin magani ko toka, kada a ja ƙafar, kada a taka ta sai likita ya yarda. A shanye maganin da aka bayar duka. In wurin ya kumbura, ko yana ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti ran nan.