Ciwon Suga a Jikin Jariri: Shawara ga Iyayen Tajaye

Mutane da yawa sun ɗauka ciwon suga na manya ne. Amma yakan kama jariri kafin ya cika wata 6, ko da yake ba kasafai ba. Alamarsa ita ce yaro yana shan nono sosai amma ba ya ƙara nauyi, fitsari ya yawaita, baki ya bushe, maɗiga ta lotsa. In kuma numfashinsa ya soma sauri, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A garzaya da shi asibitin Birnin Ƙonni ko na Galmi, a roƙi a gwada sugan jininsa. Ɗigon jini ɗaya daga diddige ya isa.

A ƙasashen Turai sukan ɗaura wa irin wannan jariri ƙaramar na'ura mai tura insulin kaɗan-kaɗan ta siririn bututu ƙarƙashin fata, domin abin da jikinsa ke buƙata ya yi wa sirinji ƙanƙanta. Na'urar tana da tsada, kuma ana sauya bututun duk kwana 2 ko 3. A ƙauyukanmu allura da kulawar likita su ne abin dogaro.

Ga abin da ya fi faranta mini rai: a 2006 masu bincike a Exeter ta Ingila suka gano cewa yawancin masu irin wannan ciwo da ke da wani lahani a ƙwayar halitta suna iya barin allura su koma shan ƙwayar glibenclamide. Ku tambayi likita game da gwajin gano wannan lahani.

In babu firji, a ajiye insulin a sanyin randa, nesa da rana. Iyaye mata, kada ku daina shayarwa.